Tagar Ɗakin Inji

Gero ake fara zubawa ko wake? Duk yaron da ya ce min markaɗe ba wani aiki ba ne, zubawa ne da kwashewa, tambayar da nake masa ke nan, kuma har yau ban samu wanda ya amsa daidai ba. Gero ne, na kamu. Shi ake fara zubawa tun bakin inji yana da tsabta, don kamu ba ya rufa asiri. Ko ƙwayar attarugu ɗaya ta maƙale a faranti, jaririn da aka dama wa koko sai ya sanar da unguwa. Bayan gero sai waken ƙosai, sai waken suya na masu awara, kayan miya su ne ƙarshe. In ka juya layin nan ka gama da masu kawo maka aiki, kuma ba za su faɗa maka ba, ƙafa kawai za su ɗauke.

Ni ce Inna Asabe mai markaɗe, ta lungun bayan masallaci a Gyaɗi-Gyaɗi. Da furfura a kaina na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, maganar dai a miƙe take. Abin da ya zaunar da ni rubutu, kwanaki wasu samari suka zo da waya, wai suna jin ra'ayin mutanen unguwa a kan sola. Na buɗe baki zan ɗauko zancen daga tushe, sai ɗaya ya ce, "Inna, a taƙaice dai, sola alheri ce ko ba alheri ba?" Na ce ya kashe wayarsa. Abin da ya ci min miji ba ya taƙaituwa.

Malam, mai gidana, Allah ya jiƙansa, a kamfanin jimar fata ya yi ƙuruciyarsa, can Sharaɗa. Yakan dawo da warin da sabulu ba ya fitarwa. Ya ce kwatar bayan kamfaninsu yau ja ce, gobe shuɗiya, akuya ta sha sai ta kumbura. Duk Juma'a ana ba kowane lebura gwangwanin madara, a ce ya sha ta wanke masa ƙirji. Da wuta ta ƙi zama kamfanin ya rufe, abu biyu ya shigo min da su gida: tsohon injin dizal da ya saya da ɗan abin sallamarsa, da kuma wannan maganar ta madara. Duka biyun na karɓa hannu bibbiyu.

Ranar da ya fara koya min tada inji, kafin in taɓa komai sai da ya cire min mayafi ya rataye a ƙusa.

"Bel bai san matar aure ba," in ji shi. "In ya kama gefen mayafi, har da wuyanki zai tafi."

Ya sa na ɗaure zani tamau a ƙugu. Sannan ya nuna min yadda ake riƙe hannun tada inji: babban yatsa ba ya zagaye ƙarfen, kwanciya yake gefen sauran, don in injin ya yi gardama ya mayar da hannun baya, yatsan zai fara karyawa. Ka juya, ka juya, sai ka ji nauyin ya zo, ka saki ɗan ƙarfen da ke saman kan injin, ka zare hannun da sauri. Na yi ta faɗuwa zaune. Yana dariya yana cewa, "Tashi, Asabe, jaki ma sai an saba da shi." Kafin damina ta fita na iya.

Tada inji shi ne mai sauƙin. Aikin yana cikin faranti. Ƙarafa ne guda biyu masu haƙora, su ke niƙa abin. In ka matse su da yawa, ƙullu ya ɗau zafi, ƙosai ba zai tashi ba, sai ya sha mai ya kwanta kamar tsumma. In ka sassauta, ya fito da tsaki-tsaki. Da kunne ake ɗaure faranti, ba da ido ba. Ruwa kuma da tafin hannu ake ba shi, kaɗan-kaɗan. Mai ƙosai tana son ƙullu da kauri, mai alala tana son ya ɗan saki, mai awara ba ruwanta, ita madarar waken take bi. Ga duron ruwa a gefe mai sanyaya inji, kana markaɗe kana tsoma yatsa kana jin zafinsa. In faranti ya dakushe a kai wa masu wasi, kuma in ya dawo ba a fara zuba kayan mutane, sai an wuce da dusa ta kwashe garin ƙarfe. Wannan duk ba a allo aka rubuta ba.

Talatu mai ƙosai ita ce ta fari a ƙofata kullum, ana sallame asuba. Ba ta taɓa zuwa ba tsiya a bakinta.

"Asabe, jiya ƙulluna ya ragu. Ko injin naki ma karyawa yake da ƙosai?"

"Wakenki ne duk ƙwari. Na markaɗa miki nama kyauta, ko godiya babu."

Bayanta sai matan direbobi da na leburori waɗanda suka zo daga ƙauye, kowace da ɗan kwanonta na gero. In rana ta ɗaga sai masu aikin gidajen ma'aikata da bokitan tumatir. Da azumi kuwa layin bokiti har bakin masallaci, kowa ya ajiye dutse ko tsumma a kan marfi don ya gane nasa.

To, ga maganar taga. Ɗakin injin zaurenmu ne na da, yana da taga ɗaya babba, ta nan Malam ya fitar da bututun salansa. Lokacin bayanmu fili ne, sai awaki. Sai Alhaji Nasiru, wani ma'aikacin gwamnati, ya sayi filin ya yi gida, tagar ɗakin kwanansa tana kallon tamu. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Bayan sallar la'asar ya kama hannun Malam ya ce, "Malam, hayaƙin nan yana shigar wa iyali, ga mahaifiyata ba ta da lafiya. Ko da dabara?"

Malam ya shigo ya ce, "Maƙwabci ya yi magana."

Na ce, "To mu fa?"

Ya ce, "Mu muna da madara."

A ranar ya haƙa rami a kusurwar ɗakin, ya lanƙwasa bututun ya tura bakinsa ciki, ya rufe da marfin duro. Tagar kuma ya cusa mata buhuna, ya buga kwano a kai. Ƙara ta ragu, Alhaji ya aiko da godiya har da shadda. Duk lungun aka yi ta yabon Malam, ana cewa ga wanda ya san haƙƙin maƙwabtaka. Hayaƙin kuwa ba inda ya je. Ramin ya cika, ya dawo ta gefen marfi, ya zauna tare da mu. Bango ya yi baƙi har yara suna rubutu da yatsa. In na fyace hanci sai ka ce gawayi na shaƙa. Kowace yamma mu fasa gwangwanin madara, rabi nasa, rabi nawa, mu ce alhamdu lillahi an wanke. Binta, autata, a ɗakin nan ta yi rarrafe.

Buhun waken wani biki nake markaɗawa ranar da na gane shekarar ta ɓaci. Shekarar da mai ya yi tashin da kowa ya sani. Dizal na gidan mai ya fi ƙarfinmu, sai na bakin titi, wanda ake sirkawa da kananzir da baƙin mai. Injin ya dinga tari kamar tsoho, hayaƙin ya koma mai kauri, mai yaji, ina tsaye a bakin faranti ba na ganin Malam a wajen duro. In ka ƙara kuɗin markaɗe mata su koma turmi, in ba ka ƙara ba ka yi aikin banza. Muka rage cefane, amma madara ba mu rage ba, ƙarawa ma muka yi, don tarin Malam ya fara hana shi cika raka'a a tsaye.

Da muka kai shi asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirjin ya ce, "Baba, tun yaushe kake shan sigari?"

Malam ya ce, "Ko kunna wa wani ban taɓa yi ba."

Na ba shi labarin kamfani, na ba shi labarin ɗakin inji, na ce amma fa ba ma wasa da madara. Yaron nan ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Inna, madara ciki take tafiya, hayaƙi kuma huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, ko gaisawa ba sa yi."

Malam bai ga ƙaramar Sallah ba. Alhaji Nasiru yana sahun gaba a jana'iza, ya aiko da buhun shinkafa, ya zauna zaman makoki har aka tashi. Da na fita takaba na koma na tada inji, taga tana toshe kamar yadda mai ita ya bari. Kar ku tambaye ni dalili. Abin da mutum ya saba gani a bango, bango yake zama.

Hannuna ya daina iya juya ƙarfe, daidai lokacin da Binta ta dawo gida da 'ya'ya biyu, mijinta direba ne, hanya ta ci shi. Ita ta karɓi injin. Ta fi ni kunne, in faɗi gaskiya, tana tsakar gida za ta ce bel ya saki. A shekarun ne sola ta fara hawa rufin mutane. Yau wannan gida, gobe wancan, janareta suka dinga yin shiru ɗaya bayan ɗaya, har aka fara jin kukan kurciya a lungu. Alhaji ya yi ritaya, ya ɗora bene a kan gidansa, ya shimfiɗe samansa da allunan sola. Ni ma na yi sha'awa. Na sa aka kira min wani mai haɗawa, ya hau rufinmu ya sauko yana kaɗe wando.

"Inna, ko kuɗin sun samu, rana ba ta zuwa gidanki. Benen nan ya tare ta, sai azahar take leƙowa ta wuce."

"To da asuba fa, lokacin waken ƙosai?"

"Wannan sai batura, manya. Kuɗinsu ya fi na gidan."

Na ce ya sha ruwa ya tafi.

Waken awara Binta take markaɗawa ranar da na ji tarin. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa. Duk ƙarar injin sai da na ji shi, don na san shi, irin mai fitowa daga ƙasa yana kankarar ƙirji. Na leƙa. Ta juya baya ta tofa a tsumma ta cusa a ƙugu. Na ce ta ba ni. Baƙi ne. A kan duro kuma ga gwangwanin madara an huda shi.

"Inna, mura ce. Kuma ina shan madara."

"Wa ya koya miki?"

"Ke."

Na koma tsakar gida na ɗauko taɓarya. Kwanon da ke kan tagar ya riga ya yi tsatsa, bugu kaɗan ya faɗa waje. Na zaro buhunan, sun ruɓe, suna zuba kamar toka. Na kira wani mai walda ya miƙe bututun ya fitar da shi ta taga kamar yadda yake a farko. Binta tana cewa, "Inna, Alhaji fa? Me mutane za su ce?" Na ce su faɗa, baki nasu ne.

Ba a yi sati ba farin bangon benen ya yi gemu baƙi. Hayaƙin ya hau har sama ya kwanta a kan allunan, aka ce wutarsu ta ragu, ana ta hawa da tsumma ana gogewa. Sai ga aike daga mai unguwa.

A ƙofar gidansa aka yi zaman bayan la'asar. Ni da Talatu aka shimfiɗa mana tabarma a bakin zaure. Alhaji ya fara, a hankali kamar kullum. Ya ce duniya ta ci gaba, ko gwamnatoci suna barin mai suna komawa rana, bai kamata a ce a tsakiyar gidajen mutane ana tada injin dizal ba, ga yara, ga tsofaffi. Mutane suka ce gaskiya ne.

Wani mai adaidaita, Sule, ya ce, "Alhaji, rana ta Allah ce, amma allon na mai kuɗi ne. Ku kun huta da janareta, mu har yanzu a bayan salansa muke karyawa."

Talatu ta ce, "Ni dai a faɗa min wa zai markaɗa min wake da asuba. Ko ranar za a taso da wuri saboda ni?"

Aka yi dariya. Wani dattijo mai gyaran rediyo ya ce shi abin da ke damunsa matattun batura, ya ga inda yara suke fasa su a wani kango wajen Unguwa Uku, suna zubar da ruwan a kwata, ko ciyawa ba ta fitowa a wurin. Ya ce, "Dattin bai mutu ba, unguwa ya sake." Wani matashi ya ce duk da haka gara sola sau dubu, shi ɗansa ya daina fuka tun da maƙwabcinsu ya kashe janareta. Shi ma gaskiya ya faɗa. Liman ya ce addini bai yarda ka cutar ba, bai yarda a cuce ka ba. Kowa ya gyaɗa kai, don kowa yana ganin da shi ake.

Mai unguwa ya ce, "Inna Asabe, a mayar da tagar yadda take mana, a zauna lafiya. Shekara da shekaru ba a ji kanku ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a ji kanmu ba don mu muke shanyewa. Hayaƙin nan da kuka gani sati ɗaya kuka kira taro, ba jiya aka haife shi ba. Tun Binta tana goye yake fita kullum, a ƙirjinmu yake sauka. Malam ya shanye rabonsa ya tafi. Yanzu ya dawo kan yarinyar. Na toshe taga na ba da miji. Ba zan toshe in ba da 'ya ba."

Alhaji ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Wallahi Inna ban san ciki yake komawa ba. Na ɗauka ramin yana cinyewa."

Na ce, "Mu ma haka muka ɗauka."

Ba wanda ya yi min tsawa, ba kuma wanda ya ce a haɗa a saya mana batura. Magana ta tsaya a haka: taga a buɗe unguwa ba za ta ɗauka ba, a toshe ni ba zan ɗauka ba. Saura inji ya fita. Alhaji ya ce ɗan ƙaninsa ya buɗe shagon markaɗe mai sola a Unguwar Gano, yana neman wadda ta san aiki, zai yi wa Binta magana. Ya kuma cika alkawari.

Can take yanzu. Na je na gani sau ɗaya. Ɗaki fari tas, inji ɗan ƙarami, maɓalli ake dannawa, har hira ake yi yana aiki. Ba hannun juyawa, ba duro, ba wari. In hadari ya haɗo su zauna su jira. Da asuba a rufe yake, Talatu ta koma kai wake da yamma tana kwana da ƙullu a cikin ƙanƙara, tana cewa ƙosanta ya daina daɗi, kuma gaskiyarta. Binta da take 'yar mai inji yanzu 'yar aiki ce, yaron da ta girma yana ce mata ta yi sauri. Faranti dai har yanzu ita ke ɗaure musu, don maɓalli bai san kaurin ƙullu ba. Tarin ya ragu. Bai tafi ba. Likita ya ce abin da ya shiga ya shiga, sai dai kar a ƙara.

Injinmu wani mutum ne ya saya, daga wani ƙauye bayan Dawakin Kudu. Ya zo da a-kori-kura da ƙarti, yana ta murna, ya ce garinsu mata sai sun yi tafiya mai nisa kafin su sami niƙa, matarsa ce za ta riƙe. Na nuna masa yadda ake kwantar da babban yatsa. Na ce ta cire mayafi. Na ce gero ne farko. Da suka ɗaure shi da igiya na kama ƙofar motar na ce, "Ɗan nan, ka saurare ni. Ka sa shi a rumfa, ba a ɗaki ba. In ɗaki ne, ka bar taga a buɗe, ko wa ya yi magana."

Ya ce, "To Inna. Sai dai ɗakin jikin gidan liman yake, kin san sha'anin maƙwabta."

Na ce, "Hayaƙin yana kisa."

Ya yi dariya ya ce, "Kar ki damu, Inna, mu da muke da shanu? Nono har sai ta ture."

Na faɗa masa abin da likita ya ce, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ya ce in sha Allahu, in sha Allahu, irin wadda ake yi wa tsohuwa don ta saki ƙofa. Na saki.

Ɗakin yana nan, na sa an share, baƙin bangon ya ƙi fita ko da farar ƙasa. Tagar a buɗe take, jikokina suna leƙa allunan Alhaji ta ciki, sun yi fes. Lungunmu ya yi shiru, iska ta gyaru, wanda ya ce ba haka ba ya yi ƙarya.

Ku kuma samarin da kuke son amsa a taƙaice, ga aiki na ba ku. Ku ɗau wayarku ku hau motar Dawakin Kudu, ku tambayi ƙauyen da aka kai sabon inji, jikin gidan liman. Ba sai kun yi wa matar tambaya ba. Ku zagaya baya ku dubo min tagar.